Eufemia Tafoya Haskett, Gwaggo Hayaƙi ta Jan Tsauni (1942–2019)

Haihuwa da asali

An haifi Eufemia Tafoya ranar tara ga watan Maris na shekarar 1942 a ƙauyen Ocate da ke gundumar Mora, a arewacin jihar New Mexico. Sunan mahaifinta Liberato Tafoya, makiyayi ne wanda ya ƙare rayuwarsa a kan sirdi yana kiwon shanun masu manyan gandaye. Mahaifiyarta kuwa Cleofas Ulibarri ce, wadda ta shahara a yankin da ɗinkin hannu da kiwon awaki. Eufemia ce ta huɗu cikin 'ya'ya shida, kuma da yake yayyenta maza sun bar gida da wuri domin neman aiki a mahaƙar kwal ta Raton, a kanta nauyin taya mahaifin ya faɗa, tun ba ta iya hawa doki sai an ɗora ta.

A hannun mahaifin nata ta koyi harbi, kuma a gidansu harbi bai taɓa zama abin nishaɗi ba. Ana ɗaukar bindiga ne saboda dilan da ke ɗauke 'yan awaki, ko maciji a bakin rijiya, ko saniyar da ta karye a kwazazzabo ba ta da sauran tashi. Libarba ɗaya Liberato ya mallaka, tsohuwa mai nauyi, irin wadda sai an ɗana ta da babban yatsa kafin kowane harbi, kuma akwatin harsashi guda kan kai shi ƙarshen shekara.

Karatu da aiki

Ta yi karatun firamare a ƙauyensu, sannan ta wuce sakandare a Wagon Mound, inda ta kammala a shekarar 1960. Malamanta sun so ta ci gaba har ta zama malama, amma rashin lafiyar mahaifiyarta ya hana. A shekarar 1961 ta sami aiki a karar shanu da ke kusa da Springer, tana ware shanu a kan doki ranar kasuwa, aikin da a wancan zamani ba a saba ganin mace a cikinsa ba. Ta riƙe wannan sana'a har zuwa shekarar 1998, ta kuma bar ta da karayar haƙarƙari sau biyu da tabon ƙaho a cinya.

Aure da zuri'a

A watan Oktoba na shekarar 1965 aka ɗaura aurenta da Orrin Haskett, baƙo daga Oklahoma wanda ya zo gyaran injinan jan ruwa na gandaye ya zauna. Dangin amarya ba su yi maraba da shi da farko ba, saboda ba ɗan cocinsu ba ne kuma ba ya jin Sifaniyanci, sai dai haƙurinsa da gwanintar hannunsa suka saye su a hankali. Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku: Leandro a 1967, Maribel a 1970, da Teodora a 1974. Daga gyaran injuna Orrin ya koma gyaran bindigogi, ya buɗe maƙera a bayan gidansu na Springer, har sunansa ya kai Texas da Colorado.

Shiga wasan harbin kaboyi

A shekarar 1991 wani mai kawo wa Orrin gyara ya gayyace su kallon gasar harbin kaboyi, wasan da ya fara yaɗuwa a jihohin yamma a wannan lokaci. Kowane ɗan wasa kan yi shigar mutanen ƙarni na goma sha tara, ya ɗauki laƙabi, ya yi ɗamara da libarba biyu, ya riƙe doguwar bindiga da mai baki biyu, sannan ya harbi farantan ƙarfe bi da bi agogo na ƙirga masa lokaci, duk kuskure kuma a ƙara masa sakan biyar. Eufemia ta kalli wasan yinin farko har ƙarshe. A hanyarsu ta komawa gida ta ce wa mijinta, "Maigida, rabin mutanen nan in saniya ta yi musu tari sai sun hau bishiya. Amma wasan ya yi mini. Nemo mini bindigogi."

Tun ranar da ta fara, ta zaɓi hanya mafi wuya. Tana cika harsashinta da baƙin albarushi irin na da, wanda ke turnuƙe fili da hayaƙi har mai harbi ya daina ganin abin da yake bara, tana harbi da hannu ɗaya, kuma ba ta yarda an rage wa bindigoginta taurin da suka fito da shi daga masana'anta ba. A gasarta ta farko ta zo kusa da na ƙarshe, sai dai ba ta kuskure faranti ko ɗaya ba. Masu tsayawa kusa da ita suna tari suna share hawaye suka raɗa mata Gwaggo Hayaƙi, laƙabin da ya danne sunanta na yanka har ƙarshen rayuwarta.

A shekarar 1993 ita da wasu mutum goma sha ɗaya suka kafa Ƙungiyar Maharban Jan Tsauni. Ta ba da wani yanki na filin da ta gada a gindin tsaunin domin ya zama dandalin gasa, mijinta ya ƙera farantan, aka gina rumfuna masu kama da tsohon gari. A 1996 aka zaɓe ta shugaba ba hamayya.

Rikicin asali da gudu

Zuwa ƙarshen shekarun 1990 wasan ya sauya kama. Matasa masu son lashe kofi suka gano cewa in aka sassauta sifirin ɗin da ke sa bindiga taurin ɗanawa, aka gajarta tafiyar hannun da ake ɗana doguwar bindiga da shi, aka kuma rage albarushi har bindigar ta daina tokarar mai ita, ana iya gama zagaye kafin ɗan da ya gama saiti. Suka riƙa neman a matso da farantai, a kuma ƙara musu girma. Jagoransu a Jan Tsauni shi ne Colby Renner, matashi mai aikin walda wanda ake kira Walƙiya, wanda ke atisaye kullum safiya, ya kuma lashe kofin ƙungiyar shekara uku a jere. A ɗaya ɓangaren akwai Harlan Stroud, tsohon soja mai tara kayan tarihi, wanda ke bincika har maɓallin rigar mutum ya ga ko na zamanin ne, yana kuma kiran bindigogin matasan bindigar yara.

Abin da ya ƙara wa Eufemia nauyi shi ne, duk wani gyaran da ake ƙorafi a kansa daga maƙerar mijinta yake fitowa, domin babu wanda ya kai Orrin iya sassauta bindiga a duk yankin. 'Ya'yansu sun ba da labarin cewa a teburin cin abinci ake wannan shari'a. Ita ta ce yana fiɗiye bindigogi, shi kuma ya ce, "Uwargida, ni maƙeri ne. Wanda ya kawo ƙarfe ya ce a yi masa laushi, sai in ce masa a'a matata ta hana?" Sharaɗi ɗaya ta gindaya masa, cewa kada hannunsa ya taɓa cikin bindigoginta, ya kuwa kiyaye.

A watan Afrilu na shekarar 2002 Harlan Stroud ya gabatar da ƙudurin haramta duk bindigar da aka yi wa gyara, da korar wanda ya ƙi bi. Ya shiga taron da yaƙinin cewa shugaba tasu ce, tun da babu wanda ya kai ta riƙo da tsohuwar hanya. Colby Renner da mutanensa suka kawo nasu ƙudurin, na a soke duk wata ƙa'idar tufafi da ta albarushi, a bar agogo kaɗai ya yi hukunci. Aka yi ta cacar baki har Harlan ya juya gare ta ya ce, "Gwaggo, ke 'yar kaboyi ce ta gaskiya. Faɗa wa yaran nan abin da asali yake nufi."

Waɗanda suka halarci taron sun haɗu a kan amsar da ta bayar. "Harlan, ubana bai taɓa saka ƙaimin azurfa irin naka ba, kuma da za ka miƙa masa bindigar yaron nan mai laushi da hannu biyu zai karɓa, ya yi maka godiya. Kai kuma Colby, harsashin nan naka ko kaza ya sama sai ta waiwayo ta tambayi wa ya taɓa ta. Dukanmu nan wasa muke yi, har da ni. Ba na korar kowa daga filin ubana saboda wasa."

Da ikonta na shugaba ta tsara ƙa'idar da ake kira Dokar Rukuni Biyu. Rukunin Asali na masu baƙin albarushi ne da hannu ɗaya da bindigar da ba a taɓa cikinta ba, Rukunin Zamani kuma na duk mai gyararriyar bindiga. Kowane rukuni da kofinsa, amma rana ɗaya, fili ɗaya, tukunyar wake da barkono ɗaya, kuma shigar da ta zama wajibi a kan kowa. Ta ƙara da cewa a kowace gasa sai an saka faranti ɗaya mai nisa, da wani mai nauyi wanda ba ya faɗuwa sai harsashi na da ƙarfi. Dokar ta wuce da ƙyar, kuma ba ta gamsar da kowa ba. 'Yan asali suka ce ta sayar da su saboda kasuwar mijinta, 'yan gudu suka ce ta dasa musu tarko. A zaɓen 2003 ɓangarorin biyu, waɗanda ba su taɓa haɗuwa a kan komai ba, suka haɗu suka kayar da ita. Harlan Stroud ya ja kusan kashi ɗaya cikin uku na mambobi suka kafa tasu ƙungiyar a wani gandu da ke Cimarron.

Filin nata ne, kuma da yawa sun zaci za ta rufe ƙofa. Ba ta yi haka ba. Asabar ɗin farko bayan zaɓen aka tarar da ita ta riga kowa zuwa tana shafa wa farantai fenti, ta biya kuɗin shiga kamar kowane mamba, ta shiga layi. Akwai watannin da ita kaɗai ce a Rukunin Asali, ta zo ta ɗaya ta kuma zo ta ƙarshe, matasa suna tsokanarta cewa ta sake doke kanta. Ba ta fasa zuwa ba. Sabbin shugabanni sun yi niyyar soke dokar sau biyu, amma ganin tsohuwar tsaye cikin hayaƙinta kowane wata ya sa suka ji nauyin yin hakan. Ƙungiyar Cimarron kuwa, da yake ba ta karɓar matasa, ta riƙa raguwa da tsufa da mutuwa, har a shekarar 2007 Harlan Stroud ya dawo Jan Tsauni da sauran mutum bakwai. Eufemia ta tarbe shi da kwanon wake ta ce, "Ka rame, Harlan. Ashe asali ba ya ƙosarwa." Aka yi mata tayin komawa shugabanci, ta ƙi.

Ciwon hannu

A shekarar 2009 amosanin gaɓɓai ya kama hannunta na dama, babban yatsan ya kumbura ya kanannaɗe har ta kasa ɗana libarba. Likita ya shawarce ta da ta ajiye harbi. Orrin, wanda ya kiyaye sharaɗinta tsawon shekaru, ya roƙe ta ta bari ya ɗan sassauta sifirin ɗin, ya ce kaɗan zai rage yadda babu alƙalin gasar da zai gane. Ta dube shi ta ce, "Tsoho, Allah ya ba ni hannu biyu, ɗaya ne ya yi ritaya." Tana da shekara sittin da bakwai ta fara koyon harbi da hagu daga tushe. Ta mayar da kuben ɗamararta ɗaya gefen, ta riƙa ɗana bindiga ba harsashi a bayan gida safe da yamma, har fatar yatsan ta fashe ta warke ta yi kanta. Shekarar farko harsashinta ya fi samun ƙasa fiye da ƙarfe, kuma ita da ba ta saba kuskure ba ta sha jin alƙali yana ƙirga mata kurakurai a gaban jama'a. A kakar 2011, a babbar gasar shekara da ta tara maharba daga jihohi huɗu, ta lashe kofin Rukunin Asali, maza da mata, da hannun hagu.

Orrin Haskett ya rasu a watan Fabrairu na shekarar 2013 sakamakon ciwon zuciya. Maƙerar ta koma hannun Colby Renner, wanda ya daɗe yana koyon sana'ar a wurinsa.

Shekarun ƙarshe

A shekarar 2015 ciwon ya tsallaka zuwa hannun hagu. A gasar watan Yuni ta tsaya a layi, agogo ya buga, ta kasa ɗana bindigar ko sau ɗaya, har alƙali ya karɓe ta daga hannunta. Kwamitin ƙungiyar ya zauna a wannan mako, kuma Harlan Stroud da kansa ya kawo shawarar a yi mata rangwame, a bar ta ta sassauta bindigoginta ta ci gaba da zama a Rukunin Asali, saboda girmanta da hidimarta. Kowa ya amince. Da aka kai mata labari ta ce dokar da aka kayar da ita a kanta ba za a lanƙwasa ta a kanta ba, domin in aka yi wa shugabar da ta rubuta ta rangwame yau, gobe kowa zai zo da yatsansa a naɗe.

'Ya'yanta suka ɗauka ta yi sallama da wasan ke nan, Maribel ma har ta yi hamdala. Amma bayan kwana kaɗan ta naɗe bindigoginta a bargo ta kai maƙerar mijinta, ta ajiye a gaban Colby Renner. Shi da kansa ya ba da labarin cewa ya tsaya yana kallonta baki buɗe, sai ta ce, "Ɗan nan, rufe bakinka kada ƙuda ya shiga. Fiɗiye mini su. Kuma ka yi aikin kirki, in sun fi naka tauri zan sani."

A gasar watan Agusta, kafin a fara, ta nemi a ba ta magana, ta sanar da jama'a da bakinta cewa an taɓa cikin bindigoginta, don haka daga ranar ta bar Rukunin Asali ta koma na Zamani, za ta kuma riƙa harbi da hannu biyu. Harlan ya cire malafarsa ya ce, "Gwaggo, wa zai riƙa shaƙe mu?" Ta ce, "Kwantar da hankalinka, albarushina na nan. Dokar ba ta hana ni hayaƙi a can ba. Yanzu yaran ne za su sha."

Abin da babu wanda ya zata shi ne yadda ta rungumi gudun. Ta sayi agogon atisaye, ta sa Colby ya koya mata yadda ake sauya bindiga ba ɓata lokaci, ta riƙa tambayar sakamakonta tun kafin hayaƙi ya washe. Jikarta Noemi, 'yar Teodora, wadda a lokacin take tashe a cikin matasan 'yan gudu, ta zama abokiyar hamayyarta, kuma ba su raga wa juna. Noemi kan ce, "Kaka, in tsaya in jira ki ne ko in je in ci abinci in dawo?" Ita kuma ta ce, "Je ki ci, 'yar nema. Mai nisan can yana jiranki." A kan wannan faranti mai nisa, wanda ita ta wajabta shi, ta doke jikar tata a zagaye guda a shekarar 2017, kuma ba ta bar kowa ya manta ba har ta koma ga Mahaliccinta. Da wani ya tambaye ta ko yanzu ta yarda 'yan gudu ne ke da gaskiya, sai ta ce ita dai ta yi shekara ashirin da huɗu tana cewa lashe kofi bai dame ta ba, kuma sai da ta tsufa ta gane ashe ƙarya take yi wa kanta rabi da rabi.

Ta shiga gasarta ta ƙarshe a watan Satumba na shekarar 2019, tana zuwa layi da sanda, ana ajiye mata kujera tsakanin zagaye da zagaye. Ta kammala dukan zagayen ranar, ta ƙi yarda a rage mata ko ɗaya.

Rasuwa

Eufemia Tafoya Haskett ta rasu ranar goma sha huɗu ga watan Nuwamba na shekarar 2019 a gidanta da ke Springer, bayan gajeriyar jinya ta ciwon huhu, tana da shekara saba'in da bakwai. An yi mata addu'ar jana'iza a cocin ƙauyensu na Ocate, aka binne ta a maƙabartar dangi kusa da iyayenta da mijinta. Mutum shida suka ɗauki akwatin gawar, uku daga kowane rukuni, kuma Harlan Stroud, wanda ƙafa ta riga ta ƙi shi, ya bi su a baya a keken guragu da malafarsa a cinya. Kafin rasuwarta ta mallaka wa ƙungiyar filin Jan Tsauni, bisa sharaɗin cewa ranar da aka raba ranar gasar rukunan biyu, filin ya koma hannun magada.

Ta rasu ta bar 'ya'ya uku: Leandro Haskett, makiyayi a gundumar Mora, wanda ke harbi a Rukunin Asali, Maribel Haskett Olguin, ma'aikaciyar jinya a Albuquerque, wadda ba ta taɓa riƙe bindiga ba kuma ta ce ba za ta fara ba, da Teodora Haskett Sena, malamar makaranta a Raton. Ta kuma bar jikoki takwas da tattaɓa-kunne biyu, da ƙanwarta Adelaida. Leandro da 'yar ƙanwarsa Noemi har yau ba su daidaita a kan wanda ya gaje ta ba. Shi yana kafa hujja da shekarunta ashirin da huɗu na farko, ita tana kafa hujja da huɗun ƙarshe, kuma duk Asabar ɗin farkon wata sukan ɗauko gardamar a mota ɗaya, tun daga gida har bakin fili. Allah ya ba ta hutawa.